In sake gini a bakin Logon ko in koma tudu?

Mai Atamfa, Kusiri:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, shawara nake nema, kuma wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Ni ɗan kasuwa ne a Kusiri, garin Kamaru da ke ƙetaren Njamena, atamfa da yadi nake sayarwa. Gidan da muke ciki na gado ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya gina shi da tubali a shekarun fari, wajen 1985, a wata unguwa da ba ta da nisa da bakin kogin Logon. A lokacin fili yana araha, ƙasa a bushe ƙayau, ba wanda ya kawo maganar ruwa a ransa. A nan na girma, a nan na yi aure, kuma iyakar abin da muka sani shi ne taɓon damina a ƙofar gida.

A 2022 ruwa ya shigo mana. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokacin da ya zo. Sama ta riga ta ɗauke, muna cikin Oktoba, rana tana ƙwallewa, sai ga ruwa yana tasowa ta bayan gida, kullum da safe ka tarar ya ƙara matsowa. Ya kai gwiwa a tsakar gida, ya kayar da madafa da katangar gabas. Muka gyara, muka ce an wuce wurin. A 2024 ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko, ya kwanta ya jiƙa gindin gini har ɗakuna biyu suka zube. Iyalina suka koma gidan surukina, ni da ƙanena muna kwana a rumfar kasuwa.

Yanzu na sayar da shanun da nake kiwo a ƙauye, na haɗa da kuɗin adashe, kuma hanya biyu ce a gabana. Ko in rushe abin da ya rage in sake gini da siminti a nan inda muke, ko in sayi fili a tudu can bayan gari, inda babu famfo, babu wuta, kuma kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, zuwa kasuwa kullum zai ci riba. Kuɗin ba za su yi duka biyun yadda ya kamata ba. Ga kuma Inna, mahaifiyata, ta ce ba inda za ta. Maƙwabtanta na shekara da shekaru suna nan, masallacin da mijinta ya yi salla yana nan.

Tambayata ta biyu ita ce za ta yanke ta farko. Ɗana da ke lise, wato makarantar sakandare, ya ce an koya musu cewa ƙanƙarar duniya tana narkewa, teku yana hawa, shi ya sa ake ambaliya. Ni ban taɓa ganin teku ba. Mun taso ana ce mana Tafkin Cadi yana ƙafewa, hamada tana tafe. Yau kuma ruwa ke korarmu. Wanne za mu kama? In shekaru biyu ne marasa kyau suka zo suka wuce, zan yi gyara in zauna. In kuwa haka za a ci gaba, ba na so in binne gumina a cikin laka.

Tsohon Malami, Marwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya, bari in taɓa tambayar ta biyu.

Ruwan teku ba zai zo Kusiri ba, wannan ka kwantar da hankalinka. Kusiri da Njamena suna kusan mita 300 a saman teku, shi kuwa tekun, daga 1901 zuwa 2018, santimita 20 ya hau. Yanzu hawan ya ƙara sauri, ya haura milimita 3 a shekara, kuma masana suna ganin kafin shekarar 2100 zai iya ƙara rabin mita ko ma ya doshi mita guda in ba a rage hayaƙi ba. Ga mutanen Duwala da Legas da Iskandariya wannan babbar masifa ce. Ga tsakar gidanka, a'a.

Amma malamin ɗanka bai yi ƙarya ba, don abin da ke ɗaga teku shi ne ke aiko maka ruwa ta wata ƙofa. Ƙona fetur da gawayin ƙasa da gas yana tara iskar kabon a sama, ita kuma tana riƙe zafi. Zafin yana narkar da ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ta kan duwatsu, yana kuma sa ruwan teku ya kumbura, don ruwa in ya ɗumama yakan ƙara girma. Wannan shi ne hawan teku. A ɓangarenmu kuma, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100. Iskar daminarmu daga tekun Atlantika take tasowa. In ta ɗebo da yawa, da yawa za ta sauke, kuma sau da dama a lokaci guda. Masana da suka bincika ruwan 2022 a yankin Tafkin Cadi sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi da wajen kashi 20 cikin 100. Don haka za ka iya ganin zafi mai kisa a Afrilu, jinkirin shuka a Yuni, sannan ambaliya a Oktoba, duk a shekara ɗaya.

Maganar zuwansa bayan sama ta ɗauke kuwa, ruwan da ya shiga gidanka ba a Kusiri aka yi shi ba. Logon daga tsaunukan Adamawa da kudancin Cadi yake tattaro ruwa, ya bi ta Mundu da Lai da Bongor. Kogin Shari kuma daga Afirka ta Tsakiya, ya bi ta Sar. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan yana tafiya a hankali, yana ɗaukar makonni, sai su biyun su haɗu daidai ƙofarku. In Shari ya cika, Logon ba ya samun inda zai juye, sai ya tokare ya bazu. A 2022 da 2024 ma'aunin Shari a Njamena ya haura mita 8, abin da aka daɗe ba a gani ba tun farkon shekarun 1960.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ka fi riƙewa. Mahaifinka ya yi gini a lokacin da koguna suka fi ƙanƙancewa a tarihin da muka rubuta. A 1963 Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Shari da Logon su ke ba tafkin wajen kashi 90 cikin 100 na ruwansa, to ka ga yadda su ma suka ja baya. Filayen da suka bushe a wancan lokaci aka yanka aka sayar, a Kusiri, a Njamena, a Yagwa, har nan Marwa a bakin kogin Mayo Kaliyawo. Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya fara dawowa, tafkin ma ya daina raguwar da ake ta faɗa a rediyo, amma mu maganar fari ce ta zauna mana a ka.

Ka nemi dattijon da ya haura shekara 75 kuma haifaffen Kusiri ne, cikin 'yan ƙabilar Kotoko in da hali, ka tambaye shi me ke wurin gidanku lokacin yana yaro. In ya ce maka can suke kamun kifi, ka sami amsarka. Ni dai ba zan ba ka shawarar ka ɗauka shekaru biyu ne suka zo suka wuce ba.

Direban Duwala:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Amma Malam, da ka ce teku bai shafi tsakar gidan Alhaji ba, ni sai in ce ya shafi rumfarsa da tukunyarsa.

Tirela nake ja tsakanin Duwala da Njamena, tafiyar kilomita wajen 1,800. Shinkafar da ake ci a Kusiri, sukari, fulawa, taliya, ƙarfen gini, da yawa daga yadin da Alhaji ke aunawa, ta bakin teku suke shigowa. Wasu a ɗora su a jirgin ƙasa zuwa Gaundere mu ɗauka daga can, wasu mu ɗauko tun daga tashar jiragen ruwa. Cadi ba ta da teku, Duwala da Kiribi su ne ƙofarta. Man fetur da ake haƙa a Doba ma bututu mai tsawon kilomita 1,070 ke kai shi Kiribi tun 2003.

Duwala kuwa a kan fadama take zaune a bakin kogin Wuri. Na ga da idona a Bonaberi, in aka yi ruwan sama daidai lokacin da teku ya cika, lambatu ba ya zubarwa, ruwan baya yake dawowa, ya fito ta cikin gidaje. Masunta da ke kawo banda daga wajen Manoka da Kap Kamaru suna ba da labarin gidajen da teku ya cinye, har sun ja baya sun sake ja. Itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwarsu ke riƙe gaɓa, ana ta sare su don ƙyafe kifi. Duk ranar da aka wayi gari hanyar tashar ta nutse, kwana kaɗan za a yi farashi ya motsa a kasuwar Kusiri.

Sannan ga namu na arewa. Tsakanin Mora da Dabanga zuwa Kusiri, wanda ya bi a damina ya san abin da nake nufi. A Satumbar 2024 gada ta karye a Yagwa, a watan nan ne kuma madatsar Alau ta fashe ruwa ya mamaye Maiduguri. Hanyoyin kaya biyu suka rikice lokaci ɗaya.

Shawarata gajeriya ce, Alhaji: ka tashi. In ma ba za ka tashi ba, kada ka ƙara ajiye dilar atamfa ko ɗaya a gidan nan daga Agusta zuwa Disamba.

Maman 'Yan Biyu, Waliya, Njamena:

Sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ku kuna wancan ƙetaren, mu muna wannan, ruwa ɗaya ne ya ci mu. Waliya tsakanin Shari da Logon take, a 2022 da kwalekwale muka fita daga layinmu, gwamnati har dokar ta-ɓaci ta kafa a Oktoban shekarar. A 2024 kuwa an ce sama da mutum 500 suka rasu a faɗin Cadi, kusan miliyan 2 abin ya shafa.

Direba ya ce a tashi. Faɗar tana da sauƙi, ɗan'uwana. Na ga waɗanda suka tashi suka dawo, don a can babu rijiya, babu makarantar yara, matar da ke suyar ƙosai ba ta da mai saye. Ban ce kada Alhaji ya tashi ba. Na ce ya lissafa da matan gidan, don su za su ɗebo ruwan a sabon wurin.

Maza in suna maganar ambaliya, katanga da ɗaki suke ƙirgawa. Bari in faɗi abin da mu muka gani. Masai shi ke fara cika. Ya cika ya haɗu da rijiya, yara suna wasa a cikin ruwan, kwana biyu sai gudawa. Bayan ruwa ya janye sauro ya sauka, zazzaɓi ya kwantar da gida. Hatsin da ke ƙasa ya tsiro a cikin buhu. Takardun haihuwar yara da na fili suka jiƙe suka manne, har yau akwai maƙwabciyata da ke fama da neman wasu. Duk wannan ba ya bukatar miliyoyi kafin a kare shi. Mu yanzu takardu suna cikin leda a cikin bokiti mai murfi, a rataye. Buhun hatsi yana kan benci mai tsawo. Bakin rijiya mun ɗaga shi da siminti ya kai ƙugu, mun yi masa murfi.

Abu na biyu, jinga. Samarin unguwarmu sun yi ƙoƙari, dare da rana suna cika buhuna da ƙasa. Amma na ga unguwa biyu sun kusa ba hamata iska, don waɗannan sun ɗaga tasu ruwa ya karkata ya faɗa wa waɗancan, cikin dare wasu suka je suka huda. Kuma jingar da ta hana kogi shigowa ita ke hana ruwan sama fita. A Agusta muna iyo a ruwan sama, a Oktoba muna tsoron kogi. Sai da muka yi karo-karo, mata da maza, muka sayi injin jan ruwa da tiyo, muka ajiye kuɗin mai a hannun mutum biyu amintattu.

Game da Inna, Alhaji, kada ka ce mata za a bar gida. Tsohuwa ba za ta ji wannan ba, kuma tana da gaskiyarta. Ka ce mata za a yi mata ɗakin kaka a tudu, ta je in ruwa ya taso ta dawo in ya janye. In da hali ka ja ɗaya daga cikin ƙawayenta su sayi fili kusa da naka. Tawa uwar haka muka yi da ita, yanzu da kanta take cewa a kai ta tun kafin a ce mata.

Bawan Allah:

Duk wannan dogon bayani, ruwa na Allah ne. Abin da ya ƙaddara sai ya faru, ko kana tudu ko kana kwari. Mu yawaita istigfari kawai.

Tsohon Malami, Marwa:

Gaskiya ne ɗana, ruwa na Allah ne, istigfari kuma wajibi ne a kanmu. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Annabi Yusuf ma tanadin shekara bakwai ya tsara tun yunwa ba ta zo ba. Kuma akwai hannun ɗan Adam a cikin wannan. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma ga mu da buhunan ƙasa a ka. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 aka amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna ga ƙasashe irin namu. Haƙƙi ne, a ci gaba da nemansa. Sai dai Alhaji ba zai jira shi ba kafin damina.

Malamin Gona, Bol:

Ina gaida Malam, ina gaida Alhaji da Hajiya Maman 'Yan Biyu. Ni aikin gona na yi a bakin tafki, kuma abin da Hajiya ta faɗa kan jinga shi ya sa na sa baki.

Mutanen tafki ba su taɓa zama wuri ɗaya suna jiran ruwa ya yi musu biyayya ba. Tafkin ba shi da zurfi, kamar faranti yake, ƙarin ruwa kaɗan sai ya mamaye fili mai yawa, ragi kaɗan sai ya bar fili mai yawa. Don haka mutum ɗaya yakan zama masunci in ruwa ya cika, manomi in ya janye, ya bi danshi ya shuka masara da wake, ya kuma riƙe 'yan awaki. Masakwa, wadda Fulani ke ce wa muskuwari, a Cadi kuma berbere, dabara ce ta irin wannan: a yi reno, a dasa a laka bayan ruwa ya janye wajen Oktoba, ta nuna da danshin ƙasa kaɗai, a girbe cikin sanyi. Shekarar da ambaliya ta ci dawar damina, sau da yawa masakwa ce ke ceton gida. A nan Bol kuma akwai gonakin da ake datse hannun tafki a noma alkama da masara a ciki, tun kafin zuwan injiniyoyi mutanen Kanem suna yi da hannu.

Jinga tana da amfani, amma tana da iyaka, kuma mun gani a gida. A 1979 aka gina madatsar Maga da jingar bakin Logon don noman shinkafa. Shinkafa ta samu. Amma yayre, fadamar nan da Logon ke malalewa cikinta kowace shekara, ta rasa ruwa, ga fari ya zo ya haɗu. Ciyawa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya da masunta suka matsu. Sai a 1994 aka sake buɗe wata mashiga don ruwa ya koma, ciyawa da kifi suka fara dawowa. Fadamar nan ita ce ke shanye ruwan da zai zo Kusiri da Njamena. Duk inda aka toshe ta, ku na ƙasa za ku karɓa.

Kuma ba mu manta 2021 ba, rikicin da ya tashi a yankin Logon Birni tsakanin masunta da makiyaya a kan ruwa, har ya iso Kusiri a Disamba, dubban mutane suka tsallaka Cadi. Alhaji ya fi ni sanin wannan. Ƙarancin ruwa ya haɗa mutane faɗa, yawansa ma yana haɗawa, in ba a zauna an raba tun da wuri ba.

Masu teku ma sun iso nan. Holan, wadda wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarta yana ƙasa da teku, ta yi asarar mutum sama da 1,800 a ambaliyar 1953, ta gina madatsun da duniya ke zuwa kallo. Duk da haka, bayan koguna sun kusa fin ƙarfinsu a 1995 har aka kwashe mutum wajen 250,000, sai suka sauya tunani. Suka ja wasu jingogi baya, suka biya wasu manoma suka tashi, suka bar wa kogi filin da zai kwanta. Indunusiya kuwa sabon babban birni take ginawa, don Jakarta tana nutsewa. In masu kuɗi irin waɗannan suna matsa wa ruwa, ban ga dalilin da Alhaji zai yi gaba da gaba da Logon da kuɗin shanunsa ba.

Ana yawan kawo maganar jawo ruwa daga rassan kogin Kwango zuwa tafki ta magudana mai tsawon kilomita 2,400, har taro aka yi a Abuja a 2018. A ganina, kafin a kai can, Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa tun 1964 da gwamnatocinmu su fara tabbatar da cewa in ma'aunin Mundu ko Lai ya haura, bulaman kowace unguwa a Kusiri ya ji a ranar. Ruwan da ke ɗaukar makonni a hanya bai kamata ya sami kowa yana barci ba.

Magini, Yagwa:

Alhaji, ni gini na sani, a kansa zan tsaya.

Siminti ba ya hana ruwa shiga. Yana hana ɗaki zubewa ne kawai, shi ma in tushe ya yi kyau. Ƙasarku laka ce baƙa, tana kumbura da damina ta tsage da rani. In ka ɗora bulo a kan tushe marar zurfi, shekara biyu za ka ga tsaga daga ƙasa har sama. Dole a haƙa sosai, a zuba yashi, a ɗaure da rodi ƙasa da sama. Wannan kaɗai zai ci kaso mai tsoka na kuɗinka tun ba a ga ɗaki ba.

In za ka gina a tsohon wurin, je ka duba shatar da ruwan 2024 ya bari a bango. Daɓen ɗaki ya wuce ta da aƙalla kamu biyu. Masai ma a ɗaga shi, a yi masa matakala, ramin a ɗaure shi da bulo, kuma ya yi nisa da rijiya. Wayar wuta ta bi ta sama. In kuɗi bai kai ba, a yi gindin da jan bulo ko siminti har ƙugu, sama a ƙarasa da tubali, a fitar da bakin kwano sosai don ruwan sama kada ya doki bango. Ɗakin tubali ma ya fi sanyi a watan Afrilu.

Abu ɗaya nake roƙonka kada ka yi. Kada ka sayi tifa-tifa na ƙasa ka cike filinka gaba ɗaya. Na yi wa mutane wannan aikin, na ga sakamakonsa. Gidanka ya zama tsibiri, ruwan da zai kwanta a naka ya koma na maƙwabcin da ba shi da kuɗin tifa. Hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Ka ɗaga ɗaki, ka bar tsakar gida.

Filin tudun ma ka je ka gan shi a Satumba kafin ka biya, ko ka tambayi masu noma kusa da shi. A ƙasarmu abin da ake kira tudu wani lokaci kamu uku ne ya fi kwari.

Mai Atamfa, Kusiri:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, na bi maganarka. Na sami wani dattijo Bakotoke da ke gyaran koma a bakin kogi, na kwatanta masa unguwarmu. Ya ce yana yaro da kwalekwale suke ratsa wurin in kaka ta yi, kuma akwai wata hanyar ruwa da ta bi ta inda aka gina layin shagunan bayanmu. Ya ce da aka fara yanka filaye sun yi magana, aka ce musu ruwan ya tafi ke nan.

Ga abin da na tsayar, in Allah ya yarda. Zan sayi filin tudun, amma sai na tambayi manoman wurin kamar yadda Magini ya ce. Zan yi ɗaki biyu da masai a can, ko da ba filasta, kayan kasuwa ma can za su riƙa kwana daga Agusta. A tsohon gida ɗakin Inna kaɗai zan ɗaga, sauran in bar su yadda suke, ba zan cike fili ba. Hajiya, na gwada maganar ɗakin kaka. Inna ba ta ce to ba, amma ta tambaya ko akwai masallaci kusa, ta kuma ce in yi wa ƙawarta maganar filin da ke gefe. Matata ta ce sai an fara maganar rijiya kafin ta yarda, kuma na ga gaskiyarta, don haka zan nemi waɗanda suka riga mu sayen fili a can mu haɗa kuɗin haƙa.

Ranar Juma'a bayan salla za mu zauna da bulama da matasa kan injin jan ruwa da kuma tsohuwar hanyar ruwan nan, mu ga ko masu shaguna za su yarda a fasa magudana ta ƙarƙashi. Zan nemi a gayyato bulaman unguwar da ke ƙasa da mu, don kada mu yi jingar da za ta zame musu bala'i.

Saura abu ɗaya. Akwai wanda ke zaune a Lai ko Bongor ko Sar, kusa da kogi, da zai yarda ya riƙa turo mana hoton ma'aunin ruwa sau ɗaya a mako daga Agusta zuwa Nuwamba? Kuɗin kati a kanmu. Ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Magini, kai ma ina so ka faɗa mini buhun siminti nawa da rodi nawa ɗaki ɗaya mai ɗagaggen daɓe zai ci, in san inda zan fara.